Ranar da Aka Shafa wa Layin Dogo Mai

Ranar da layin dogo ya cika shekara ɗari, sabon manajan tasha ya sa aka gyara ko'ina. Aka yi wa bencina fenti, aka rataya tutoci, har ƙarfen layin ya sa aka goge da man inji don ya yi kyau a hoto.

Wani tsohon direban jirgi, wanda ya yi ritaya tun manajan yana firamare, aka ba shi kujera can baya, kusa da bokitin yashi na kashe gobara. Ya dubi layin yana ta sheƙi, ya tambayi 'yarsa da ta rako shi, "Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Baba, don Allah yau ɗaya dai ka yi shiru."

Ya gyara zama a kujerarsa.

Manyan baƙi suka shiga tarago, aka busa usur. Jirgin ya yi gurnani, ƙafafunsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, ko taku bai yi ba. Makaɗa suka maimaita kiɗansu har sau uku. Manaja ya jiƙe sharkaf da gumi.

Tsohon ya tashi, ya ɗauki bokitin, ya bi layin yana barbaɗa yashi a gaban ƙafafun. Ƙarfe ya kama ƙarfe, jirgin ya ja, jama'a suka tafa wa manaja.

Tsohon yana kakkaɓe hannu, sai ga mai shara da tsintsiya.

"Haba Baba! Tun asuba muke goge wurin nan. Kai ko ka san darajar layin dogo kuwa?"