Kuɗin Kotu a Hannun Baffa Wada

"Mahauta ai ba sa neman resi, kunya suke ji. Sai wa'adi ya wuce su zo suna ta rantse-rantse."

Akawun kotun Garwa ne ya faɗa wa abokin aikinsa haka da Faransanci, suka yi dariya, ya ci gaba da buga tafireta ƙarƙashin hoton Shugaba Ahidjo. Bai san yarinyar da ke rakuɓe a kan benci tana jinsa ba. Luba ce, 'yar Malam Mahamman mahauci, 'yar aji huɗu a lise, wato makarantar sakandare. Ta rako babanta karɓar takardar hukunci, don ita ke karanta masa duk abin da ya zo a rubuce.

Hukuncin kuwa ba daɗi. Filin da suke ɗaure shanun yanka a bayan unguwar Poumpoumré tun zamanin kakanta, wani ɗan kwangila ya zagaye shi da waya. Baba ya kai ƙara, kotu ta yi watsi da ita. A ƙasan takardar an rubuta cewa mai son ɗaukaka ƙara sai ya biya kuɗin kotu a hannun akawu, ya karɓi resi, wato takardar shaidar biya, kafin a tashi aiki ranar Alhamis ta sama. In bai biya ba, hukunci ya zauna, fili ya tafi.

Baba bai yi wasa ba. Washegari a kara, kasuwar shanu, gaban shaidu biyu, ya zura kuɗin cikin hannun rigar Baffa Wada, yadda ake cinikin shanu. Baffa Wada dillalin shanu ne, amininsa tun suna yara, kuma shi ke shiga ofis-ofis don yana ɗan taɓa Faransanci. A wurin Baba magana ta ƙare ke nan.

A wurin Luba kuwa ba ta ƙare ba. Ta tashi cikin mutanen nan, ta san halinsu. Kuɗin amana ba ya ɓata a hannun dillali, amma ba ya zama kuma. Sai ya shiga kasuwa ya juya tukuna, in kasuwa ta tashi a sallami mai shi, ba wanda ke ganin laifi. Ka nemi takarda wurin amininka kuwa, kamar ka kira shi ɓarawo ne a gaban jama'a.

Ta ɗan yi wa Inna zancen a madafi.

"Ke, rufa mana asiri," in ji Inna. "Wadan ne za ki tuhuma? Boko dai!"

Luba ta koma kan aikinta. Kullum ta dawo makaranta sai ta leƙa cikin kwandon da Baba ke ajiye takardu. Ba sabuwa ko ɗaya.

Ranar Laraba da la'asar Baffa Wada ya zo zaure da jakarsa a kafaɗa. Luba ta kawo musu ruwa ta durƙusa.

Baffa ya ce, "A'a, Madam Lise! Yaushe za ki zama alƙali mu huta da Mushe-Mushen nan masu Faransanci?"

Baba ya yi dariya. "Wannan? Ko kaza ba ta iya kora da murya."

Baffa ya ce, "To ni zan wuce kasuwar Bibémi yanzu, mota na jira. An ce bijimai sun faɗi warwas. Sai Asabar in Allah ya yarda."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Baba.

Asabar. Luba ta tuna wa'adin kotu gobe Alhamis ne. Baffa ya miƙe, ya zura takalmi ɗaya, yana laluben ɗayan da ƙafa. Ta dubi Baba ko zai yi magana. Goro yake ɓarawa.

"Baffa."

Su biyun suka juyo. Ba su taɓa jin ta fara magana a zaure ba. Ta kafa ido a kan tabarma.

"Ku gafarce ni. Kuɗin kotun nan, kun kai wa akawu, ko da su za ku Bibémi?"