Mai Cika Tanki

"Mama, in mutum ya rasu, wa yake ba shi izinin zuwa aiki?"

'Yata ce ta yi tambayar, tana zaune a kan kantar shago tana kaɗa ƙafa, ga mai gyaran famfo tsaye yana jinta. Shekararta huɗu. Abbanta ya rasu bara, ya bar mana ɗan shagon gahawa a ƙasan benen da muke zaune.

Injin gahawar da ya bari mai tankin ruwa ne. Kullum da safe shi yake ciro tankin, ya ɗauraye, ya cika da babban kofin silba, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi. Tun bayan rasuwarsa, in na sauko sai in tarar da tankin cike, kofin a kife yana ɗiga. Na san mamaci ba ya dawowa. Amma na san yarinya tana iya jan kujera ta hau ta cika shi, ga bakin da tururi ke fita daidai fuskarta. Shi ya sa na kira mai famfo.

"Maman yarinya, sa injin bututu ki huta," in ji shi. "Da kansa yake shan ruwa. Mai tanki sai ka ce jariri, kullum sai an ba shi a baki."

"In aka ɗauke ruwa fa?"

"Sai ki zuba wa mutane haƙuri a kofi."

Na yi dariya, na ce ya haɗa. Ya huda bango, ya jawo bututu, ya ɗaura sabon inji. Tsohon muka tura ƙarƙashin matakala, kofin silba kuma na kulle a kabad.

Washegari na sauko na tarar da kantar shago a bushe ƙayau. Na yi hamdala, na koma sama in tashe ta.

Kofin yana gefen katifarta, cike taf. An wanke mata fuska, gashin goshinta a jiƙe, har wuyan rigarta. Makullin kabad kuwa yana cikin jakata.

"Wa ya wanke ki?"

"Abba mana. Ya ce kin kore shi daga aiki." Ta yi hamma. "Ya ce tunda ba abin yi a nan, gobe in shirya mu tafi wurinsu. Wai can akwai ruwa da yawa."

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Na goya ta, duk girmanta, na je na taso mai famfo daga karin kumallo.

"Haba, aikin jiya-jiya? Yoyo yake yi?"

"Ba ya yoyo. Ka cire."

Ya dube ni, ya dubi jiƙaƙƙen gashin yarinyar, ya ɗauko kayan aikinsa ya je ya cire, muka mayar da tsohon injin.

Yanzu in na rufe shago nakan zubar da ruwan tankin, in ajiye kofin a inda aka saba. Da safe tanki cike, yarinya a bushe. Kujeru kuwa na ɗaure su da sarƙa, ko da ita ce take cikawa. Ban taɓa tsayawa in duba ba.

Injin bututu ya fi sauƙi, ban musa ba. Amma kafin ki kira mai famfo, tsaya ki tuna wa yake cika tankin gidanki. In ya riga mu gidan gaskiya kuma kina tarar da shi cike, kada ki kuskura ki karɓe masa aikin.