Faifan Inna a Ƙarƙashin Kofi

Injiniya ake ce masa, amma da bakinsa ya raɗa wa kansa sunan. Ko tocila bai taɓa gyarawa ta sake kamawa ba. Mijin yayar Auta ne, kuma kaf dangi shi kaɗai ke da tsohuwar kwamfuta mai bakin saka faifai. Abin da ya jefa Auta hannunsa ke nan.

Faifan DVD goma sha ɗaya ta kai masa, wata takwas da suka wuce. Bidiyon gida ne na lokacin da mahaifiyarsu Inna take da rai: tana faɗa, tana dariya, tana maimaita labarin da kowa ya haddace. Muryarta ba ta rage a ko'ina ba sai a cikinsu. Auta ta ji an ce faifai yana lalacewa ko a akwati yake, sai ta roƙe shi ya kwafe mata su a kwamfuta. Bayan kwana biyu ya kira ya ce an gama, ta zo duk ranar da ta ga dama.

Ita ma dai da nata sakacin, kullum sai gobe. Sai ranar wata Asabar da safe, tana wanke-wanke, ta nemi tuna yadda Inna ke kiran sunanta ta rasa. Fuskar tana nan, muryar ta ƙi zuwa. Ta ajiye soso, ta ɗauki fulash ɗin da za ta juyo bidiyon a ciki, ta nufi gidan yayarta.

Ɗakin da yake kira ofis ya tare ta da warin safa tun daga ƙofa. Madannan kwamfutar sun yi baƙi da maiƙo, ga ɓawon ayaba a kan firinta, ga farcen da ya yanke ya tara a gefen tebur kamar zai kai kasuwa. Shi kuwa yana zaune da singileti yana sakace da kusurwar kati. Ta daure ta gaishe shi.

"Auta, zo ki ga aikin ƙwararru," in ji shi.

Ga su nan a jere a fuskar kwamfuta, Faifai 1 har Faifai 11, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Ya danna na farko. Kwamfuta ta ce a saka faifai. Ya danna na biyu, ta maimaita masa.

"Matsalar sabis ce," ya ce.

Auta takardu take bugawa a ofis shekara tara, ta san wannan kibiyar kamar yunwar cikinta. Ta sa gefen mayafinta ta kama maus ɗin, ta duba nauyin fayilolin. Duka goma sha ɗayan ba su kai hoto guda ba.

"Yaya Injiniya, yaya ka yi kwafin?"

"Yadda ake yi mana. Na saka faifai, alamarsa ta fito, na jawo ta nan. Ko minti ɗaya ba na yi. Kuma kowanne sai da na gwada, ya yi tar."

"Da faifan a ciki ka gwada?"

"To da a ina zai kasance?"

Wato mutumin nan alamar da ke nuna hanya ya kwafa, kayan kuwa bai taɓa su ba. Kamar a aike ka ɗauko kayan shago ka ciro allon sunan shagon ka dawo kana haki. Ta haɗiye abin da ya zo bakinta, ta ce ba komai, ya ba ta faya-fayanta ta kai wani wurin.

Ya sosa ƙeya. "Ai tunda an kwafe, me za a yi da su? Ni ba na son tarkace."

Mai tarin farce a tebur ne ba ya son tarkace. Ya ce huɗu ya ba wani mai babur ya yi ado da su, biyu sun fashe a ƙarƙashin ƙafar firji. Sauran ya ja ta baranda ya nuna mata, har da alfahari. Guda huɗu ne a rataye da zare suna juyawa, wai don korar tattabaru. Rana ta ɓare azurfarsu, ana hango titi ta cikinsu, tattabarun kuma sun yi musu kashi kaca-kaca.

Yayarta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Auta, ki yi haƙuri, ai ya yi ƙoƙari."

Auta ta dube ta. Uwarsu ɗaya fa. Ta ƙirga faya-fayan a ranta: goma. Ta koma ɗakin tana dube-dube, sai ta ga na ƙarshen a kan tebur, kofin shayinsa zaune a kai. Ta ɗaga kofin, faifan ya biyo shi, ya manne da busasshiyar madara.

"Kawo ki gani," ya ce, ya fizge. Kafin ta yi magana ya tofa masa yawu, ya murza shi a singiletinsa, daidai kan tumbi. Sannan ya saka shi a kwamfuta. A ranta ta tsane shi, tsana ta gaske, kuma ba ta ji kunyar hakan ba.

Kwamfuta ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Sai ga Inna, zaune a kujerarta, tana gyara ɗankwali. Auta ta dafa tebur, ta manta da ƙazantarsa.

Muryar da ta fito kuwa ta namiji ce. Ashe shi ya riƙe kyamara a ranar. Yana ta bayanin inda ya sayo ta da yadda take jawo abu daga nesa, Inna tana kallonsa tana jira ya gama. Daƙiƙa arba'in yana zuba. Da ya tsaya shan numfashi, Inna ta juyo, ta ɗaga hannu, ta buɗe baki. Nan hoton ya tsaya cak, ya farfashe, allon ya yi baƙi. Sau uku suna maimaitawa, nan yake tsayawa.

"Kin ji muryata a lokacin?" in ji Injiniya yana murmushi. "Ko a rediyo sai haka."

"Tashi," ta ce. Ba ta sa Yaya a gaba ba, shi ma ya lura, ya tashi.

Ta shimfiɗa jarida a kujerar ta zauna. Awa guda ta yi tana fama kafin ta ciro daƙiƙa arba'in ɗin ta zuba a fulash. Ta fitar da faifan, ta gwada fulash ɗin, ya yi. Yayarta ta ce ta tsaya ta ci abinci, ta ce ta ƙoshi.

A gida ta wanke hannu sau biyu da sabulu, ta jona fulash a talabijin. Inna ta fito tana gyara ɗankwali. Auta ta ɗauki rimot ta kashe sautin, ta matso kusa, ta zuba wa leɓɓan Inna ido ko za ta gane kalmar da ta fara.