Ɓargo a Huhun Muhuyi

"Rufe ido ɗaya, Baba, ka leƙa nan," in ji Dakta Ramla, likitar da ke binciken gawa a wani asibitin Kano.

Ladan maɗori ya gyara hula ya sunkuya kan na'urar duba ƙananan abubuwa. Shekara arba'in yana ɗori a garin Ba'awa ba wanda ya taɓa nuna masa yatsa, sai da aka kawo masa Muhuyi, wanda ya faɗo daga motar masara a hanyar Doguwa cinyarsa ta karye. Ya ɗora shi, ya ba shi jiƙo, kwana biyu numfashi ya sarƙe, rai ya yi halinsa. Ubale, yayan mamacin, ya tsaya tsakiyar kasuwar Kiru ya ce jiƙon Ladan ne ya kashe masa ƙane. Da magana ta kai ga 'yan sanda, dangi suka so a rufe gawa a bar wa Allah. Ladan ne ya kafe sai an buɗe.

"Me ka gani?"

Ya daɗe bai ɗago ba. "Kamar kitse a cikin jan nama. Ɓargo ne?"

"Shi ne, har da ɓarɓashin ƙashi. Huhunsa kake kallo. Da ƙashin ya fashe, jini ya kwashe su ya kai can, suka toshe hanya. Jiƙonka mun gwada, ba komai a ciki."

"To jan da na yi wa ƙafar fa, 'yata? Kada ki ji kunyata."

"Dangi sun ce tun a motar da ta kawo shi yake haki, Baba. Kafin ya iso gare ka abin ya riga ya tafi."

Ladan ya miƙe, ya karkaɗe babbar rigarsa. Bai iya boko ba, amma ya sa ta karanta masa takardar sakamakon binciken sau biyu.

A baranda ya tarar da Ubale, an riga an gaya masa. Ubale ya durƙusa, muryarsa can ƙasa.

"Baba Ladan, a yafe mini. Zafin rashi ne."

"Allah ya jiƙan Muhuyi. Na yafe tun tuni." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Amma nan Kano ba wanda ya san ni, Ubale. Ran kasuwar Kiru ina rumfar masu hatsi da hantsi. Ka zo da muryar nan taka ta rannan."