Makin Malam Habila

A kulob ɗin ma'aikata na Funtuwa akwai wani baƙin allo kusa da firjin lemo, kuma shekara bakwai cur sunan Malam Habila ne a samansa. Tsohon ma'aikacin ɗakin magani ne, mutumin Kafur, wanda ya koyi darar Turawa, wadda suke kira ces, a hannun wani Baturen mishan tun yana saurayi. A gaban sunansa an rubuta 1850 da alli. Ba shi da mota, ba shi da gonar kirki, 'ya'ya duk sun watse. Wannan lambar ita ce mutuncinsa, kuma duk wanda ke saman allo a ƙarshen Nuwamba shi za a tura gasar Kaduna.

Mai riƙe da allin Adewale ne, malamin lissafi, haifaffen Funtuwa, shi ne na biyu da maki 1720. Ƙa'idar ba wuya: ka ci wanda ya fi ka maki, ka kwashi da yawa, ka ci na ƙasa da kai, a ɗan yafa maka, na ƙasa ya ci ka kuwa, ka shiga uku. Habila ya sha cin Adewale, kuma ba ya ci ya yi shiru. Sai ya gyara hula ya ce, "Malam, lissafi daban, dara daban." Adewale ya yi murmushi, ya haɗiye.

Da damina ta janye a 1985, Yunis injiniyan gidan gurzar auduga ya dawo daga kwas a Ingila da wata na'ura wadda ba ta fi farantin tuwo ba. Kwamfuta ce mai buga ces. Jama'a suka kewaye ta ana tambayar ƙarfinta.

Adewale ya ce, "Ba a sanin ƙarfin na'ura sai ta kara da wanda aka san makinsa. Baba Habila, kai ne ma'auninmu. Mu sa ta a 1200, kamar kowane sabon shiga."

Habila ya kwashe da dariya. Shi da akwatin batir? Haba! Ko a ransa bai kawo abin da 1200 ɗin ke nufi ba, amma mai lissafi ya riga ya gama lissafinsa.

Ran Asabar da la'asar aka zauna. Kafin a kira magariba na'urar ta cinye masa doki, ta matse sarkinsa a lungu. Adewale ya tashi a natse, ya goge 1850 da gefen hannu, ya rubuta 1819.

"Talatin da ɗaya?" in ji Habila. "Wasa ɗaya tak?"

"Na ƙasa da kai ne ya ci ka, Baba. Ni ba ruwana, ƙa'ida ce."

A wasa na biyar ya faɗo ƙasa da Adewale. To, yanzu in ya bari, Kaduna ta tafi. In ya ci gaba, watakila ya farfaɗo. Ya ci gaba. Adewale kuwa ko kusa da na'urar ba ya zama, wai mai alli ba ya shiga gwaji. Wasu ma da ba su san bambancin doki da soja ba suka riƙa zuwa kallo, suna tauna rake, suna tambaya tun daga ƙofa, "Yau nawa aka yanke wa tsoho?"

Matarsa Rahab ta ce, "Malam, ka bar abin nan, ba mutum ba ne, ba ya gajiya." Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ji kunya ya fita. Tsoro ne ya cika shi, ya kuma san tsoro ne.

Wasa goma sha biyar, ko kunnen doki bai samu ba. Allo ya nuna 1488, sunansa na takwas.

Asabar ta ƙarshe a Nuwamba ya zo da wuri, ya tarar Yunis na nuna wa Adewale wata takarda da ya gano a cikin kwalin na'urar. Ashe a can Ingila ba a taɓa makin mutane lokacin gwaji. Na na'urar kaɗai ake lissafawa.

"Ka ga, wannan ya fi adalci," in ji Adewale. "Daga yau haka za mu yi."

Habila ya matso. "To, makina fa, Malam?"

"Ayya, Baba. Wancan ya riga ya shiga."

"To a ba ni wasa ɗaya. Ɗaya kawai."

"Ko ta ci ka, ba abin da za mu ƙaru da shi. Makinka ya yi ƙasa, ba ka auna komai yanzu. Sulemanu na gidan waya zai zauna." Adewale ya jawo wata kujera. "Amma kada ka tafi. Ita ba ta da hannu, fitila kawai take kunnawa, Yunis kuma ya gaji da tura mata 'ya'yan dara. Kai ka san hannunta fiye da kowa."

Aka yi dariya har da masu tafi. Habila ya dubi ƙofa, ya tuna ba inda za shi sai gida. Ya zauna. Fitilar ta kama, ya miƙa hannu ya tura sojan inda ta ce.