Akuyar Baba a Cikin Kaset

Auta tana gyaran ɗakin ajiya sai ta tsinci wani tsohon kaset. Ta saka shi a rediyo, ba ta ji komai ba sai ƙara kamar kukan gyare. Baba ya fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

"Kar ki kashe! Ba waƙa ba ce, wasan da na haɗa ne a kwamfutarmu ta farko!"

Auta ta naɗi ƙarar, ta loda a manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci. Allon ya yi baƙi. Can sai ga akuya mai kusurwa huɗu tana tsallake katanga.

Baba ya jawo kujera yana ihu: "Ina mamanku? Ta zo ta ga akuyata!"

Har abinci ya huce bai tashi ba.