Mayafin 'Yar Fari

Ku yi mini afuwa da na yi karambanin ɗaukar biro. Ni mai karanta na wasu ce, ban taɓa rubuta nawa ba, ban kuma tabbata na isa ba. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku kau da kai.

A Dudunni ta ƙasar Kusada akwai wata mata ana ce mata Haulatu, matar Malam Dawuda manomi. Tana da 'ya'ya cike da tsakar gida, amma babbarsu, Amatullah, ba a gabanta ta tashi ba. Ana yaye ta yayar Dawuda, Hajiya Kulu, ta goya ta sai Kankiya, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. Haulatu ba ta ce uffan ba a ranar, don da ta yi ko da tari ne, da an yi shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya.

Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. In ta kama dole sai ta ce 'yar Kankiya. In an kawo ta hutu, Haulatu ba ta kallon inda take, ko tuwo sai dai ta miƙa wa ƙannen yarinyar su kai mata. Tsokar da ta fi kowacce girma dai kullum a kwanon baƙuwar take faɗawa, amma yaro ba ya lura da irin wannan. Ita ma Amatullah Yaya take ce mata, Hajiya Kulu ce Mama.

Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta kawo wanda take so, wani Abdullatif mai aiki a Fatakwal. Aka sa rana bayan kaka, aka ce ana gama biki zai tafi da ita can. Da ta zo Dudunni gaishe da dangi, Haulatu na bayan zana tana tankaɗe ta jiyo ta tana gaya wa ƙanwarta Rukayya, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin farashin gero, cewa ita Yaya ba ta ƙi ta ba, ba ta kuma so ta ba, ba ta dai dame ta ba ne. Haulatu ta ci gaba da kaɗa rariya har bayan garin ya ƙare. Yarinyar za ta tafi inda sai an shekara ba a gan ta ba, kuma da wannan maganar a ranta za ta tafi.

Baki ba zai iya faɗa ba, sai ta ce bari hannu ya gwada. Dama tana saƙa hulunan jarirai da safa da zaren ulu. A wayar Karima, ƙanwar mijinta da ke aure a maƙwabta, ta taɓa ganin wata mata tana saƙa mayafi shara-shara mai ido-ido kamar raga, da ƙananan duwatsu a jiki suna walƙiya. Ta sa Karima ta yi ta maimaita mata shi har cajin wayar ya mutu. Ranar kasuwar Kankiya ta ba da saƙon siririn zare ruwan madara da duwatsu masu ruwan zuma. Tsinken saƙarta ya yi kauri, sai ta samo wayoyin ƙafar keke guda biyu, ta goga bakinsu a dutse har suka yi santsi.

Aikin ba irin wanda ta sani ba ne. Sai an fara zura duwatsun duka a zare kafin a yi ɗaurin farko, sannan a riƙa turo su ɗaya-ɗaya ana saƙa. In dutse ɗaya ya zo da ƙunƙuntaccen ido, ko dai a fasa shi da haƙori ko a tsinke zaren. In an tsallake ido ɗaya, ba za a gani ba sai an yi nisa, a ga adon furen da ake saƙawa ya karkace, dole a warware. Ga hannunta da kaushin surfe da roron wake, zaren yana maƙalewa a faso yana tashi gashi-gashi. Sai ta koma shafa man kaɗe, ta jira ya sha, sannan ta taɓa. Tsakanin azahar da la'asar kawai take samu, in yara sun tafi Islamiyya. Tana jin sallama sai ta cusa shi cikin kwalla ta rufe.

Wata rana Karima ta shigo ba sallama ta ritsa ta.

"Matar yaya, wanne jariri ne wanga mai tsawon ƙofa?"

"Na sayarwa ne."

"Halan a Dudunni? Wa zai saye, akuyar Malam?" Karima ta ɗaga shi ta haska a rana, dariyarta ta ɗan tsaya. "Ko dai 'yar Kankiya ce?"

Haulatu ta fizge abinta ta ce ta fita mata daga ɗaki tun ba ta haɗa ta da muciya ba. Karima ta fita tana tafa hannu, tana cewa yau ta kama ɓarauniyar soyayya. Amma ba ta gaya wa kowa ba, kuma daga ranar ita ke zura mata duwatsun kowane sabon zare in idonta ya fara ruwa.

Aka cire gero, aka yanke dawa, mayafi ya kammala. Haulatu ta wanke shi, ta shimfiɗa a kan tabarma ta kafe gefunansa da ƙaya don idanun su buɗe. Da ya bushe sai ita kanta ta ja da baya tana kallo, kamar ba daga hannunta ya fito ba. Ta turara shi, ta naɗe a sabon ɗankwali, ta ba Karima ta kai wa Hajiya Kulu a sa cikin kayan amarya, ta kuma ja mata kunne kada ta ambaci sunan kowa. A ranta kuwa addu'a take yi Allah ya sa yarinyar ta tambaya, ya sa a gaya mata a keɓe, a ɗaki, inda ba kowa. Shi ke nan abin da take so. Ba ta neman godiya, ta dai sani.

Ranar yinin biki aka cika gidan Hajiya Kulu. Uwar 'yar fari ba ta da wurin zama a gaba, don haka Haulatu ta samu lungu kusa da randa, ta ja hijabi, tana taya wanke kwanoni kamar wadda aka ɗauko aiki. Bayan la'asar aka fito da amarya. Mayafin ne a kanta. Rana ta bugi duwatsun, suka watsa haske a fuskarta da bangon gidan, har malamar da ke yi wa mata wa'azi ta sarara da maganarta. Mata suka yi ta taɓawa. Wata ta ce na Dubai ne, wata ta ce ƙarya ne, ta ga irinsa a Madina, wata ta ce ango dai ya yi ƙoƙari.

Hajiya Kulu mace ce mai gaskiya, ba ta iya karɓar yabon da ba nata ba, kuma Karima ta riga ta raɗa mata. Ta ɗaga murya don kowa ya ji, a ganinta alheri take yi.

"Ba Dubai ba Madina. Aikin hannu ne, daga Dudunni ya zo. Ku tambayi mai wanke kwanonin can."

Amatullah ta waiwaya. Ta miƙe, ƙawayenta na riƙo ta, ta zame, ta ratsa tabarmi har lungun randa, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da leshinta. Tun da aka yaye ta ba su taɓa kusantar juna haka ba. Haulatu ta ga ashe tana da ɗan tabo a gira, ba ta san yaushe ta same shi ba.

"Yaya, da gaske ke kika saƙa mini?"

Haulatu ta buɗe baki. Kafin komai ya fito, Iya Nana, tsohuwar da ke kakar amarya ta wajen uba, ta buga sandarta a ƙasa tana dariya.

"To, mun ga zamani. Uwa ta zauna tana yi wa ɗiyar fari kwalliya. Gobe sai mu ishe ta ta goya ta zuwa Fatakwal."

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta biki ce, amma idanu sun fi ɗari kuma duk a kanta suke, har da na surukan da suka zo daga garin Ƙofa, har da matan Dudunni da za ta koma ta iske a bakin rijiya. Kunyar 'yar fari da aka dasa mata tun tana ƙarama ta taso ta rinjaye ta. Ta ji bakinta yana magana da kansa.

"Ni? Dubi hannuna. Wanga hannu na surfe ne zai yi wannan?" Ta mayar da ido cikin ruwan wanke-wanke. "Karima ce ta samo shi. Mi ya haɗa ni da kayan ɗiyar mutane."

Wata ta rangaɗa guɗa. Iya Nana ta ce yawwa, yanzu ta ji magana, ashe har yanzu akwai sauran mata masu kunya. Aka yi ta yaba Haulatu, ana cewa irin matan da ce, ana nuna ta ga 'yan mata su yi koyi. Hajiya Kulu ma ta yi murmushi ta bar zancen, don ita ta gane kunya ce ta yi magana, duk tsofaffin gidan sun gane. Mutum ɗaya ce ba ta gane ba, ita ce Amatullah. A Kankiya ta tashi, cikin ƙawayen da iyayensu ke kiran su a waya suna tambayar ko sun ci abinci. Ita abin da aka faɗa shi ta ji.

Ta ɗan jima a durƙushe, kamar mai jiran ƙari. Sannan ta ce a hankali, "To. Dama na ce." Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta, ta je ta rungume Karima tana yi mata godiya. Karima ta leƙo ta saman kafaɗar amarya, idonta ya cika, ta motsa baki za ta yi magana. Haulatu ta girgiza mata kai. In aka tayar da zancen yanzu, ta zama maƙaryaciya a gaban surukai, ta kuma zama marar kunya, duka biyun a yini ɗaya.

Haulatu ta ce a ranta bari mutane su ragu, za ta samu yarinyar ita kaɗai. Amma amarya ba ta zama ita kaɗai. Ƙawaye suka kewaye ta, aka ce motocin dangin ango sun iso, da asuba za a kama hanya. Mai hoto ya shigo yana kiran uwar amarya ta matso, aka tura Hajiya Kulu gaba, Amatullah ta kwantar da kanta a kafaɗarta, ta ja gefen mayafin ta rufa musu su biyu.

Haulatu ta ɗauraye kwanon ƙarshe ta kife. Ta tsane hannunta a zani, ta lalubo takalminta cikin tulin da ke bakin zaure. Ana ta jera mutane, dogaye a baya, gajeru a gaba, kowa na gyara ɗauri. Ta bi jikin bango ta fice, ta nufi inda motocin Kusada ke lodi, ba wanda ya waiwayo.